Rawar Fatsa

Suwaiba ta dawo hutu daga Madani, farar riga a jaka,
ta same ni a bakin Nilu, gangaren Maiurno,
ina ɗinke idon birgin da ya yage.

Ta ce, "Baba, mun leƙa cikin kan mutum.
Akwai wani ruwa can tsakiyar ƙwaƙwalwa,
dofamin sunansa.
Ba ya jiran kifi ya faɗo kwale-kwale,
tun fatsa na rawa yake zuba."

Na yi dariya har zare ya kuɓuce mini.
Shekara arba'in da ɗaya ina su a kogin nan,
sai yau yarinyar da na koya wa riƙon filafili
za ta raɗa wa abin da ke tashe ni kafin ladani suna.

Da dare barci ya ƙi.
Na tuno giwan ruwan shekarar ambaliya,
wanda muka ja mu uku, ni da Jibo da ƙanensa.
Ashe daɗin duk yana cikin jan.
Da ya kwanta a yashi, ido a buɗe,
sai na ji an zare mini wani abu daga ƙirji.
Na kai shi kasuwar Sinnar.
Kuɗin ma na manta.

Na tuno shekarar da karfasa ta yi yawa ƙasan madatsa,
kowane jifa birgi cike.
Kwana tara. A na goma na ƙi fita.
Na ce wa uwarta baya ne ke ciwo.
Ba baya ba ne.
Kogin ya daina yi mini rowa,
ni kuma ƙafata ta daina nemansa.

Da safe na tambaye ta,
"To, in ruwan nan ne ke tura ni,
ni ina nake?"
Ta daɗe tana juya cokali a kofin shayi.
Ta ce malaminsu bai kai nan ba tukuna.

Na ce, "Ke fa? Shekara shida kina bin takarda guda.
Ranar da aka miƙa miki ita..."
Ta ce, "Baba, kar ka ɓata mini."

Muka tura kwale-kwale tare.
Ruwa ya soma ja, damina ta sauka a tudu.
Ta riƙe igiya da yatsu biyu
kamar mai sauraron bugun jinin maras lafiya.
Shiru.
Shiru dai.
Sai igiyar ta ɗan motsa,
na ga fuskarta ta washe
tun ba mu san ko kifi ne ko ciyawa ba.