Cokali Huɗu

Wata uku ina ɗauke da shi kamar bashin da ba shaida.
Ja ne a gabana, can bisa kai,
ba ƙurji ba, ba miki ba,
ja kawai, da ƙaiƙayi, da ɗan fari-fari in gari ya waye.

Ni Nadabo mai shayi, bakin Ƙofar Ƙaura,
wanda direbobi ke cewa bakinsa ba ya hutun Juma'a,
ga abin da ya ɗaure mani harshe.

Na fara zargin sabulu.
Na bar mai ƙamshin da aka kawo mani daga Maraɗi,
na koma sabulun salo. Shiru.
Na zargi gajeren wandon gwanjo da gumin bazara,
na zargi omon da bai fita ba wajen ɗauraya.
Sannan, Allah ya yafe mani, wani dare
na juya na dubi Tasalla tana barci,
na zarge ta a zuci.
Da asuba ta miƙo mani buta, na kasa ɗaga ido.

Mai kemis ya ba ni man shafawa.
Bai tambaya ba, ban faɗa ba, na dai ce na ƙanena ne.
Kwana huɗu ya lafa, ran na biyar ya dawo da gayya.
Mai magani da lasifika a tasha ya ce sanyi ne,
shi komai sanyi ne a bakinsa.
Na sha sassaƙe har na tsani ƙwaryar.

Tasalla ce ta fasa tulun.
"Sau shida ka fita daren jiya, na ƙirga.
Randa ba ta kwana da ruwa.
Kuma kiyashi na bin inda ka tsuguna.
Ko ka tafi asibiti, ko in gaya wa yayanka."

Likitan sa'an ɗana ne, Bishir Yanɗaki.
Ya ja labule, ya sa safar hannu,
bai yi dariya ba, bai yi salati ba.
"Tun yaushe? Yana zafi in kana fitsari?
Akwai ruwan da ke fita? Me ka shafa?
Akwai wata bayan iyali?" Na ce a'uzubillahi.
Ya ce, "Baba, kowa nake tambaya."
Ya duba gwiwar hannuna, ya duba fatar kaina.

Ya ce ja ba sunan cuta ba ne, sallama ce a ƙofa,
sai an leƙa ake sanin mai yin ta:
wani sabulu ne, wani ƙwayar cuta mai son danshi,
wani daga shimfiɗa, wani ciwon fata ne da ya sauka can.
Akwai wanda in ya ƙi ji, sai an ɗan yanki fata an duba,
shi ya sa ba a zama da shi wata uku.

Ya goga auduga, ya sa a kwalba.
Na ba da fitsari. Aka soki yatsana,
digon jini ɗaya ya tona asirin shekaru.

"Suga ne. Fitsari mai zaƙi ke kiwon abin.
Cokali nawa kake sa wa naka?"
Na ce huɗu. Ban ce kofi shida ba.

Yanzu ina shan baƙi, da ɗaci, da ƙwaya safe da yamma.
Jan ya dushe cikin sati uku.
Na saya wa Tasalla turmin atamfa, ta ce na mene ne,
na ce na ƙirga.
Sauran maganar har yau tana maƙogwarona.

Jiya wani direban Jibiya ya jira kowa ya watse,
ya matso, yana juya kofi a hannu.
"Nadabo, ka san wani man shafawa?
Na ƙanena ne."

Na rage wutar, na jawo mashi benci.
Na ce zauna, na san ƙanen naka.