Minti na Talatin da Bakwai

Sanƙarau ya same ni ina shekara tara,
ya kwashe jina, ya bar mini ido.
Da idon nake tsallaka titi a Kabuga,
da idon na shigo ajin da ke cin mutum ɗari huɗu.

Kujerar gaba tawa ce, ba don ƙwazo ba.
Leɓen Dakta Lawandi nake tsaro
kamar mai gadin shanya.
Sai ya juya ga allo,
ƙeya kuwa ba ta magana.

Aka ce an ɗauki darasin a bidiyo,
kowa ya sauke a waya.
Na sauke. Ga baki yana ta motsi,
kifi a cikin kwalba.
Na kunna rubutun na'ura,
ashe ba ta san Jakara ba, ba ta san Dala ba,
duk sunan da ya fito daga cikin ganuwa
sai ta tauna shi ta tofar.

Takarda uku na cike a ofis,
hoto biyu, tambarin likita.
"Ki dawo gobe" ita ce jimlar
da na fi iya karantawa a leɓen mutum.

Mako uku, sannan ga Mansura,
'yar aji huɗu, gidansu a Ƙofar Na'isa,
abin ji a kunne, yatsu a kan madannai,
ana biyanta kuɗin da bai kai na data ba.
Ta miƙo mini shafi goma sha ɗaya
da ɗumin inji a jikinsu, kamar gurasa.

Ba darasin kaɗai ta rubuta ba.
Ta sa: a nan malam ya yi tari.
A nan ruwa ya fara dukan kwano.
A nan aji ya yi dariya,
ga kuma abin da ya sa.
Na yi tawa dariyar ni kaɗai a ƙarƙashin darbejiya,
ta makara da kwana ashirin da ɗaya,
amma ba ta yi tsami ba.

Sai minti na talatin da bakwai.
Malam, yana fuskantar allo:
"Basira, in an cike kududdufan birni an yi gini,
ina ruwan yake zuwa?"
Ƙarƙashinsa Mansura ta rubuta:
shiru, daƙiƙa tara.
Malam ya ce, to, wani.

Na daɗe a kan layin nan.
Ashe an kira ni.
Ashe sunana ya tashi a ɗakin, ya zaga,
ya rasa inda zai sauka,
ni kuwa ina kwafar zane, kaina a duƙe.

Ni da aka haifa a Gwammaja,
na kwashe ruwa da roba daga ɗakin Inna
damina huɗu a jere.
Wa zai fi ni sanin amsar?

Daren nan na rubuta ta, shafi ɗaya da rabi.
Da safe na tura ta ƙarƙashin ƙofarsa:
Malam, ruwa ba ya ɓacewa,
gidan wanda bai cike ba yake shiga.
Ga amsar minti na talatin da bakwai.
In za ka sake kirana,
ka juyo.