Shayin Tasalla

A Wad Madani, bakin Nilu,
gindin darbejiya,
Tasalla ke dafa shayi tun ban yi gemu ba.

Jiya motar hukuma ta tsaya.
Wai hayaƙinta na ɓata gari,
wai zamanmu a gabanta na ɓata tarbiyya.
Suka kwashe murhu, kofi goma sha ɗaya,
har gwangwanin kanumfari.

Wa ya tambaye ni?
Bakina ne, kuɗina ne.
Sukarin ma da likita ya hana ni,
ita ke rage mini cokali, ba doka ba.

Yau na tarar da kurtun da ya ɗauke butar
tsaye kan tokar, yana waige-waige.
Ya rage murya:
"Baba, ina ta koma?"