Tukunyar Ƙarfe Goman Dare

Shekara talatin da ɗaya na yi ina walda
a tashar jiragen ruwa ta Yeongdo.
Hannuna ya san ƙarfe, bai san ludayi ba.
Sai da gashina ya yi fari,
Bo-reum ta tafi aikin jinya a Winnipeg,
sannan na koyi girki,
kuma a wurin da wuta ba ta ƙona yatsa.

Ita ta saka mini wasan kafin ta ɗauki jaka.
Ta ce, "Baba, a nan za mu riƙa haɗuwa."
Ta zaɓi kwari da baka,
ni na zaɓi tukunya, aka yi mini dariya.

Kowa a ƙasar nan da sandar yunwa a ƙarƙashin sunansa,
rawaya, siririya,
tana zagwanyewa in ka yi gudu, in ka yi sara.
Ɗanyen kifi maki biyar yake cikawa,
wani lokaci ya murɗa maka ciki,
ka yi ta tangaɗi a gaban dodo.
Gasasshe, ashirin.
Amma in ka zuba shi a tukunya da albasa da gishirin dutse,
ka jira ƙarar tafasa ta sauya,
sittin cif,
kuma yunwa ba za ta leƙo ba sai bayan rabin awa.

Kifi arba'in na babbake kafin in gane.
Na ƙirga su.

Ƙarfe goman dare a Busan,
ita kuwa safiya ce, ta sauko daga aikin kwana.
Sai in ga sunanta ya yi kore,
ta faɗa kogo ba sallama, sandarta saura ƙiris,
yadda take fita makaranta tana 'yar shekara tara,
shinkafa na huci a kwano, ita tana ɗaure takalmi a bakin ƙofa.
Ina biye da ita da tukunya a baya, ina cewa,
"Tsaya mana. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya."

"Kin ci abinci?"
"Na ci."
Ta cikin abin kunne ina jin kacau-kacau ɗin ledar biskit.
Ba na cewa komai.

Ranar haihuwarta, miyar ganyen teku uwarta kan yi,
da man riɗi, tun duhu bai washe ba.
Hunturu huɗu ke nan da uwar ta rasu,
kuma waɗanda suka gina wasan ba su shuka ganyen teku ba.
Na bi gaɓar kogi kwana uku ina tsinkar abin da ya fi kama da shi,
kyarkeci ya kashe ni sau biyu,
na tashi a bakin gari, na koma.

Na miƙa mata kwanon.
Maharbiyar ta zauna, ta kai hannu baki sau uku,
yadda aka tsara kowa ya ci.
Sanda ta cika har ƙarshe.
Can Bo-reum ta yi shiru, ta ja hanci,
ta ce, "Gishiri ya yi daidai, Baba."

Na sani. Gani ba ci ba ne.
Cikinta na gaskiya yana bayan teku, ban iya kai masa ko loma ba.

Barci ya ɗauke ta ba ta kashe wasan ba.
Maharbiyar na tsaye gefen murhu kamar turke,
sandarta na raguwa a hankali.
Na ƙara ice.
Na ajiye kwano biyu a jakarta.

Sannan na tashi, gwiwa na ƙara,
na ci shinkafata da sanyinta, a tsaye.
A kan kanta akwai busasshen ganyen teku
da na sayo a Jagalchi tun shekaranjiya,
har yanzu ban kwance ƙullinsa ba.