Haƙoran Zarto

Ranar da aka rufe masana'antar katako a garinmu na Aidaho
kowa ya ɗauki abin tunawa.
Merle ya ciro agogon bango.
Babana Orval kuwa faifan zarto ya mirgino har gida,
wanda ya cinye masa yatsu biyu a shekarar da aka haife ni.
Ya jingine shi a rumfa, ya karkaɗe hannu, ya ce,
"Ya ci nawa. Saura ni."

Da alli yake zana su a jikin faifan,
siffar ganye, tsawo uku, faɗi ɗaya,
ya yanka, tartsatsi na tashi kamar an taɓa gidan rina.

Wuta tasa ce, magagari nawa.
Yakan riƙe ƙarfen da awartaki cikin garwashi
har ya yi ja wur,
ya kai masa maganaɗisu:
in ya ƙi kamawa, to ya nuna.
Tsulum cikin gwangwanin mai. Hayaƙi. Tari.
Daga nan sai tandar Mama Wilma,
tana mita burodinta zai yi warin gareji,
har ƙarfen ya ɗauki launin zuma.
In ya zarce zuwa shuɗi ya yi laushi,
in bai kai ba, ƙashi zai fasa shi kamar tangaran.

Sai ni. Goga, juya, goga,
dutsen washi, fatar tsohon ɗamara,
sannan gwaji a gashin hannu.
Wanda bai aske ba, ba ya shiga kwari.

Ina da shekara sha shida,
wata Juma'a, mota na jirana a ƙofa, ana danna ham,
saura kai ɗaya a kan benci.
"Lorna, ya aske?"
"Ya aske," na ce, ina saka takalmi.

Washegari dusar ƙanƙara ta kwanta sabuwa.
Barewa ta fito tsakanin itatuwa, taku ashirin,
numfashinta na tururi.
Baba ya ja tsirkiya har kusurwar baki.
Na ga gashin jelar kibiyar. Na gane ta.
Bakina ya buɗe, bai ce komai ba.

Ba ta faɗi ba.

Mun bi jini da tocila,
ɗigo nan, ɗigo can, kamar mai rowa ne ya zuba,
mu ɓata, mu koma, mu rarrafa,
ƙafafuna sun daina zama nawa,
dila na kuka a ƙetaren kwari,
shi kuma ko sau ɗaya bai duba agogo ba.
Sai da gari ya waye muka same ta a bakin rafi,
kwance, idonta biyu, tana kallonmu.
Ya ƙarasa da wuƙa abin da ban ƙarasa da magagari ba.

Ya zaro kan kibiyar, ya wanke a ruwan sanyi,
ya naɗe hannun riga, ya goga.
Gashi ko ɗaya bai faɗi ba.
Da ma zagina ya yi.
Sai ya sa min shi a tafi,
ya rufe yatsuna biyar da nasa uku,
ya tafi neman sandar ɗauka.

Shekara talatin da huɗu ke nan.
Baba na kwance bayan coci, gefen Mama.
Hannuna na hagu sanƙo ne daga wuya zuwa gwiwa,
likita ma ya taɓa tambaya.
Kan nan yana rataye a ƙusa, saman benci,
ya yi tsatsa, ban taɓa wasa shi ba.

Faifan kuwa ya zama rariya,
rana na ratsa shi ta zuba ganyaye a ƙasa.
Jiya na auna ragowar da alli:
saura bakwai,
takwas in na matsa.