Beben Littafi

Ranar Laraba na saye shi a bakin tsohuwar kasuwa,
gun Arzika mai littattafai, daura da masu albasa.
Bangon kawai na duba, jar akuya da guntuwar igiya a wuya.
Na biya, na hau kabu-kabu da sauri.

Sai da na iso Mabera, na sha ruwa, na buɗe.
Shafin farko ba baƙi. Na biyu ba baƙi.
Na lashi yatsa na bi shi har bangon baya,
ko wasali ɗaya babu.
Ni da na shekara ashirin ina buga takardu a sakatariya,
yau an sayar mini da miya ba gishiri.

Na ce gobe zan mayar masa da kayansa.
Na jefa shi kan tabarma, na ɗauki buta.

Sahabi ne ya tsince shi.
Sahabi autana, ɗan shekara huɗu,
wanda sai ka tambaya sau uku kafin ya ce i,
wanda malamarsu ta aiko cewa ba ya buɗe baki a aji.
Na dawo daga Magariba na tsaya a bakin ƙofa,
don na ji wata murya, ban gane ta ba da fari.

"Wagga akuya sunanta Tumba.
Tat tsinke igiya don an hana ta dussa.
Tat tai bakin gulbi za ta Kwalkwalawa,
mai jirgi yac ce, kawo kuɗɗi,
tac ce, ni ban da aljihu."

Luba, yayarsa, 'yar aji uku, ta ce,
"Ƙarya kakai, ba a rubuta ba."
Ya ce, "Gwada min inda anka rubuta ƙarya nikai."
Ta juya shafi, ta sake juyawa,
ta gyara zama, ta yi shiru na biri.

Inna ta ajiye faifan shinkafa.
Inna da ba ta taɓa riƙe littafin boko ba,
sai dai ta kaɗe masa ƙura ta ɗora kan akwati.
"Ku miƙo in gani."
Ta kai shi kusa da fitila, ta daɗe.
"Wagga ba fushi ta yi ba. Ku dubi hantsarta.
Ɗanta taka biɗa."
Na leƙa ta kafaɗarta. Hantsa cike, kuma can shafi na tara
ga ɗan kunne ja a bayan rumbu.
Na wuce shi ɗazu ina farautar kalma,
da tabarau a hancina, da ilimina na fankan fayau,
ban ga komai ba a wuri.

Kashegari na ce bari in taimaka.
"Mene ne wannan? Wane launi? Ƙafafunta nawa?"
Yaro ya dube ni, ya rufe littafi, ya rufe baki.
Inna ta ce, "Kai alƙali kake?
Ce mai sai mi, ka bari."

Sai mi.
Da wannan kaɗai muka ci mako uku.
Ran Asabar Tumba ta hau jirgi bashi.
Ran Litinin kada ya ɗauke ta kyauta don sun haɗa kaka.
Wani dare ba ta je ko'ina ba, ciwon kai take,
daren da Sahabi ya kwana da zazzaɓi.
Hoto bai motsa ba, akuyar dai ita ce,
amma kullum da sabon shiri.

Jiya na bi ta gun Arzika.
Ya hango ni ya fara kame-kame.
Na ce, "Akwai wani beben?"
Ya tona ƙasan kwali, ya zaro na raƙumi,
ya ce sai dai gara ta cinye shafin ƙarshe.
Na ce kawo shi haka nan,
ina da mai ƙarasa labari.