Matakala Uku

Kwana biyu na ara daga shagon ɗinki,
jirgin ƙasa ya sauke mu a Rigasa.
Tanko na tura ni,
tayar hagu na kukan neman mai.

A Gamji na ga kogi ido da ido.
Kada na kwance, ko ƙiftawa babu.
Na ce masa, "Malam, sunanka garin ya ci,
amma yau na fi ka yawo a cikinsa."

La'asar, yunwa ta ja mu Unguwar Rimi.
Gidan abinci mai gilashi da sanyi,
matakala uku a ƙofa.
Uku kacal, sun fi mini Kufena tsawo.
Mai gadi ya ce a sungume ni kamar buhun masara.
Na ce a'a, na gode.

Can gaba, Inna Delu mai masa
ta shimfiɗa tsohon ƙyaure bisa kwata.
"Shigo 'yata, ƙafa ko taya, baƙo baƙo ne."
Ta janye benci,
tebur ya zo daidai gwiwata,
miyan taushe na tururi.

Na ci biyar. Tanko bai ƙirga nasa ba.
Ƙyauren ya amsa sallamarmu da ƙara.